Yadda ake juya tsohuwar mota daga fetur zuwa gas, daga bakin wani fita, wato makanikin mota, a Magazin, unguwar gareji ta Suame a Kumasi

Satin da ya wuce wani direban tasi ɗan Aboabo ya shigo min gareji da Opel Astra ɗinsa, yace Masta dan Allah duba min motar nan, tunda aka sa mata gas bata da ƙarfi, in ta tarar da ɗan hawa sai ta riƙa tari tana harbi ta gaba. Nace to buɗe but mu gani. Wallahi abinda na gani sai da na ja da baya, tukunyar girki ce irin ta kilo 14.5 an kwantar da ita an ɗaure da tsohon tib na keke, ga tiyo irin na kicin ya bi ta ƙarƙashin kujerar fasinja, kuma a haka bawan Allahn nan yake ɗaukar mata da yara daga kasuwar Kejetia kullum. Nace masa yaya, ƙarfin mota shine ƙaramar matsalarka. Shiyasa na zauna na rubuta wannan, dan wanda zai kai motarsa ya san me zai tambaya, yaran da ke koyon aiki a nan Suame kuma su samu abin dubawa.

Kafin nayi nisa, 'yan uwanmu na Najeriya in sunce gas yawanci dizal suke nufi, ni kuma gas ɗin girki nake nufi, LPG, wanda ake saye a kilo. Akwai wani kuma CNG da suka rungumo can bayan an cire tallafin fetur a 2023, wancan ana matsa shi har ba 200 (ba shine ma'aunin matsi) a cikin tukunya mai kauri, namu kuwa ko cikin zafin rana da wuya ya wuce ba 10 da ɗan wani abu. Kayan ɗaya baya aiki a ɗaya, kar wani ya ruɗe ka.

Mu a Ghana abun ya daɗe. Gwamnati ta fara tallata gas tun wajen 1990 dan a rage sare itace da ƙona gawayi, ta sa masa tallafi, sai direbobin tasi suka gano ai abun nan yafi fetur araha, suka faɗa masa, har ya zamana iyayenmu mata suna layi da tukwane tasi kuma suna layi a gefe. A 2013 aka cire tallafin, tun daga nan ratar da ke tsakanin kuɗin gas da na fetur take hawa tana sauka. Dan haka matakin farko ba na sufana bane, na biro da takarda ne.

Gas baya kai fetur ƙarfi lita da lita, motar da take shan lita 10 na fetur a yini zata sha wajen lita 12 na gas, kilo ɗaya kuma ya kusa lita biyu, kaga lita 12 ɗin nan kilo 6 da rabi kenan ko kusa da haka. To je ka gidan mai ka duba farashin lita ka ninka sau 10, je ka gidan gas ka duba farashin kilo ka ninka sau 6 da rabi, abinda ya rage a tsakani shine ribarka ta yini. Raba kuɗin kaya da kuɗin aiki da wannan ribar, zaka ga kwana nawa kafin kuɗinka su dawo. Kar kayi lissafin da farashin rana ɗaya, tunda sau biyu a wata ake canza farashi a ƙasar nan. Mai tasi da ke kan titi tun bayan asuba har isha'i yana iya maida kuɗinsa, amma Alhajin da motarsa daga gida sai shago sai masallacin Juma'a, gaskiya ni nakan ce masa Alhaji bar motarka a fetur.

In lissafi ya fita, sai a koma kan inji, kuma nan ne mutane suka fi yin gaggawa. Gas baya gyara mataccen inji, tona masa asiri yake. Duk wata 'yar lalura da fetur ke rufewa, filogi mai rauni, wayar filogi da ta tsage, kwayil da ya gaji, iska da ke shiga ta gaskit ɗin manifol (bututun da ke raba iska ga silindoji), ranar da aka kunna gas duk zasu fito fili. Dalili kuwa, haɗin gas da iska yafi wuyar kamawa da wuta, yana buƙatar tartsatsi mai ƙarfi.

Fara da auna kwamfireshan, inji da ɗumi, a cire filogi duka, a danne totur har ƙasa, a auna silinda ɗaya bayan ɗaya. Abinda nake dubawa shine su kusa zama daidai, in ɗaya ya faɗi ƙasa da 'yan uwansa da fiye da kashi 10 cikin 100 to akwai magana. Ɗiga ɗan baƙin mai cikin ramin filogin ka sake aunawa, in ya tashi ringi ne suka gaji, in bai motsa ba bawul ne ko gaskit. A gyara wannan tukuna. Sai a sa sababbin filogi a ɗan matse bakinsu zuwa milimita 0.7 ko 0.8, a canza wayoyi in sun tsufa, a duba murfin distirbuta in mota mai shi ce, a sa sabon filtar iska.

Sai maganar bawul, wadda itace ainihin abinda ke kashe injin gas a hankali ba tare da mai mota ya sani ba. Fetur ruwa ne, in ya shigo yana ɗan sanyaya bawul kuma yana barin wani ɗan datti da ke zama kamar matashi tsakanin bawul da mazauninsa. Gas a bushe yake shiga. To bawul ɗin salansa yana bugun mazauninsa sau dubbai a minti cikin zafi babu abin kariya, sannu a hankali sai ya riƙa nutsewa cikin hed, tazarar tafet, wato ɗan giɓin da ake bari tsakanin bawul da abinda ke danna shi, tana raguwa har ta ƙare, bawul ya daina rufuwa sosai, wuta ta riƙa bi ta gefensa ta cinye shi. Tsofaffin injuna masu hed na baƙin ƙarfe waɗanda aka ƙera zamanin fetur mai dalma su suka fi saurin kamuwa. In hed ɗin ya riga ya sauka dan wani aiki, kai shi wajen masu lata, wato injin feƙe ƙarfe, a nan Magazin su sa mazauni mai tauri a bangaren salansa, ka huta. In bai sauka ba, a saita tafet daidai da littafin motar kafin a fara, a rubuta abinda aka samu, dan nan gaba a gane ko yana raguwa. Irin su Astra da Kadett tafet ɗinsu da mai yake saita kansa, wannan ya rage wahala, amma fa yana ɓoye ciwon har sai ya yi nisa, dan haka su sai dai a riƙa auna kwamfireshan lokaci lokaci. Akwai wata 'yar kwalba ta man kare bawul da ake haɗawa da manifol tana ɗiga kaɗan kaɗan, ina sawa a tsofaffin injuna, amma bata maye gurbin saiti mai kyau.

Ruwa ma a duba. Lagireto a wanke, fanka ta riƙa tashi, famfon ruwa ya zama lafiya. Kuma dan Allah 'yan uwana fitoci, wannan ɗabi'a tamu ta cire tamostat da zarar mota ta sauka daga tashar jirgin ruwa ta Tema wai ƙasarmu akwai zafi, a motar gas cutarwa take, saboda gas ɗin da zafin ruwan inji yake dogara, zan zo kan wannan.

Yanzu wane irin kaya. Mota mai kafireta, irin su Tico da tsofaffin Datsun da Peugeot 504, miksa ake sa mata, wani zobe ne da ake ɗaurawa a bakin kafireta iska tana wucewa tana jan gas. Mai injekta guda ɗaya a sama irin tsohuwar Astra ita ma miksa tana yi mata, sai dai a ƙara na'urar da zata kashe injektan fetur ta kuma yaudari kwamfutar motar kar ta kunna fitilar inji. Amma mota mai injekta a kowane silinda, musamman wadda manifol ɗinta roba ne kamar Corolla na bayan 2003, kar ka yarda a sa mata miksa komin arahar da aka yi maka. Da miksa manifol gaba ɗaya cike yake da gas da iska, harbi ɗaya ta baya ya isa ya fasa robar ya tarwatsa akwatin filta. Waɗannan nasu kayan daban ne, injektocin gas ne da 'yar kwamfutarsu, ana huda manifol kusa da hed, ana saitawa da laftof. Sunayen da zaka ji a kasuwa, nan ko Abossey Okai a Accra, su Lovato da BRC da Tomasetto na Italiya, Stag na Poland, Atiker na Turkiyya. Duba jikin kayan ko akwai tambarin 67R, shine ma'aunin Turai na kayan gas ɗin mota. Tsohon bafaraiza na hannu, wato na'urar da ke maida ruwan gas tururi, ana iya saye in za'a canza masa robobin ciki, amma bawul ɗin tanki ni sabo kawai nake sawa.

To tanki. Me ya raba tankin mota da tukunyar girki, tunda duk gas ɗaya ne a ciki? Tukunyar girki an yi ta ne ta tsaya a tsaye ta bada tururin gas kaɗan kaɗan wa murhu. Inji kuma ruwan gas yake so a kawo masa da yawa, shiyasa masu wancan aikin suke kwantar da ita ko su kifa ta, alhali bakinta ba'a yi shi dan haka ba. Tankin mota yana da abinda muke kira maltibawul, abu ɗaya ne mai aiki da yawa, yana tsaida cikawa in an kai kashi 80, yana rufe kansa in bututu ya tsinke gas ya fara gudu da yawa, yana da bawul ɗin da ke saki in matsi yayi yawa dan kar tanki ya fashe, yana nuna yawan abinda ya rage, masu kyau kuma suna da solonoid, bawul mai aiki da lantarki, da ke rufewa da zarar an kashe mota. Tukunyar girki bata da mai rufewa in tiyo ya tsinke, bata da mai tsaida cikawa, kuma in aka bugi motar ta baya kanta ne zai fara karyewa.

Tanki iri biyu ne, mai tsawo kamar ganga da ake sawa bayan kujera, da zagayayye mai zama a ramin safaya taya. Mai tasi da ke ɗaukar kaya daga kasuwa zai fi son zagayayyen dan but ya samu fili, sai dai ya nema wa tayar waje. Duba farantin da ke jikinsa, akwai shekarar ƙira, tankin da ya haura shekara 10 sai an gwada shi ko a canza, wanda yayi tsatsa mai zurfi ko ya lotsa ko aka taɓa yi masa walda a bar shi inda aka gan shi. Kuma maltibawul dole ya dace da faɗin tankin da kusurwar da za'a kwantar da shi, a rubuce yake a jiki, misali faɗin milimita 315 da digiri 30, in aka sa wanda bai dace ba ma'aunin zai riƙa ƙarya kuma ba zai tsaya a 80 ba.

Wannan 80 ɗin ba wai masu ƙira sun so su cuce ka bane. Ruwan gas yana kumbura sosai in yaji zafi, in ka cika tanki fal da safe ka ajiye mota a rana a Sofoline zuwa azahar babu inda zai je sai ya tura bawul. Tanki mai lita 60 lita 48 zai ɗauka, kilo 26 ko kusa. Direbobin da ke cewa a lanƙwasa musu ƙarfen ciki ko su riƙa jijjiga mota wajen cikawa dan ya ƙara shiga, ni dai bana yi, wanda yake so ya je wani waje. Duk wanda ya tuna daren 7 ga Oktoba 2017 a Atomic Junction, da gidan gas ya fashe, yadda wuta ta haska sararin Accra mutum bakwai suka rasu, ya san gas ba abokin wasa bane.

Ɗaurin tanki da maɗaurai biyu na ƙarfe, kusoshi su ratsa ƙasan motar da faranti mai faɗi ta ƙasa, in ƙasan ya ruɓe a kai wa mai walda tukuna kafin tanki ya shigo wajen. A sa roba tsakanin maɗauri da tanki. Kan maltibawul akwai akwati mai murfi da tiyo mai faɗi da ke fita ƙarƙashin mota, nesa da salansa, dan in ya yi yoyo ya zube waje. Gas yafi iska nauyi, baya tashi sama, kwanciya yake a ƙasan but yana jiran wanda zai kunna sigari. Bakin cikawa ma a fito da shi waje.

Bututu na jan ƙarfe ne mai rigar roba, milimita 6 ya ishi ƙananan motoci, manyan injuna 8. Ta ƙarƙashin mota zai bi, ba ta cikin ɗaki ba, guda ɗaya babu haɗi a tsakiya, a ɗaure shi kowane rabin mita, ya nisanci salansa da aƙalla santimita 10, kar ya zama shine mafi ƙasa a jikin motar saboda ramukan titunanmu. Inda ya ratsa ƙarfe a sa roba, a kowane ƙarshe kuma a yi masa ɗan zagaye dan girgiza kar ta tsaga shi.

A gaba yana shiga solonoid mai filta, daga nan bafaraiza. Aikin bafaraiza ya maida ruwan gas tururi ya rage masa matsi, kuma ruwan gas in yana zama tururi sanyi yake ja mai tsanani, furofen, ɗaya daga cikin sinadaran gas ɗin, a digiri 42 ƙasa da sifili yake tafasa, dan haka ake ratsa ruwan inji mai zafi ta cikinsa. A ɗauko ruwan daga tiyon hita guda biyu da mahaɗi mai baki uku, in an toshe hitar kamar yadda aka saba a nan sai a yi amfani da bakunan kai tsaye. A ɗaura shi ƙasa da saman ruwan lagireto dan iska kar ta maƙale a ciki, a tsaye, fuskarsa tana kallon gefen mota ba gaba ba, saboda in ta kalli gaba duk taka burki ko totur zai riƙa tura robar ciki mota tana mutuwa a fitilar hanya. Na taɓa shan wannan kunyar ina sabon masta, kwana biyu ina kunce kafireta ashe juya shi kawai zanyi. In ka ga raɓa ko ƙanƙara a jikinsa ruwa baya zagayawa, tsaya nan take ka cire iskar.

Daga bafaraiza tiyon gas mai kauri zuwa miksa, a tsakiya akwai sukurun da ke rage ko ƙara yawan gas. Miksa ya dace da girman inji, ƙarami yana shaƙe mota a gudu, babba baya jan gas a silo, wato in inji yana aiki ba'a taka totur ba. A mota mai kafireta a sa solonoid a layin fetur. Makunni kusa da sitiyari, wuta daga bayan makulli ta cikin fis, kuma a sa irin wanda ke karanta tartsatsin kwayil, in inji ya mutu ya rufe gas da kansa ko da makulli a buɗe yake. A cire kan batir kafin a taɓa waya.

Cikawar farko kaɗan, kilo 3 ko 4, a fili ba cikin rumfa ba, ba kusa da ramin gareji ko kwata ko mai walda ba. A kaɗa ruwan sabulu a shafa kowane mahaɗi tun daga bakin cikawa har miksa, inda yayi kumfa a rufe tanki a gyara a sake. Hanci kaɗai baya isa, ashana kuwa ko da wasa.

Saiti. Tada mota a fetur ta yi zafi. Mai kafireta a sa makunni a tsakiya fetur ɗin da ke cikin kafireta ya ƙare, tana fara shiɗewa a juya gas. Riƙe totur inji yana juyi wajen 3000 a minti, juya sukurun kan tiyo a hankali har ka samu inda inji ya fi tashi, ka ɗan ƙara buɗewa kaɗan. Saki totur ka saita silo da ƙaramin sukurun bafaraiza, taka da sauri ka ji ko tana jinkiri, ka koma 3000 ka sake, sau biyu sau uku saboda kowanne yana taɓa ɗan uwansa. Gas yana jure matsi fiye da fetur, oktan ɗinsa ya kai 100 ko fiye, dan haka mai distirbuta ana iya ƙara mata taimin digiri kaɗan, amma a koma fetur a saurara, in tana ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani an wuce gona da iri. Mai na'urar iskar salansa a sa mita, a tafiya ta riƙa lilo tsakanin bolt 0.1 da 0.9, in an danne totur ta tsaya sama wajen 0.8.

Nan ne faɗana da direbobi yake. Yana fita daga gareji sai ya buɗe bonet ya matse sukurun nan wai dan ta rage sha. Eh zata rage kaɗan, amma gas yayi ƙaranci iska tayi yawa, wutar tana daɗewa tana ci har bawul ya buɗe, zafi ya ƙaru, harbi ya fara, bayan 'yan watanni ya dawo da ƙonannen bawul yana cewa gas ne ya kashe masa inji. Ba gas bane, yatsunsa ne. Ni yanzu fenti nake ɗigawa a kan sukurun, in ya dawo na ga fentin ya fashe mun san inda zance ya tsaya. Gwaji na gaskiya kuma ba a tsaye ake yi ba, a ɗauki mutum huɗu a nemi hawa, in da hali a bi hanyar Mampong har hawan bayan Jamasi, in ta haye a giya mai kyau babu harbi babu zafi to saiti yayi.

Takardu kar a manta. Ka canza wa mota mai, dan haka DVLA, hukumar lasisin motoci, su sani su duba, kamfanin inshora ma a gaya musu a rubuce, in ba haka ba ranar da wani abu ya faru zasu ce ba motar da suka sani bace. A ajiye rasit na tanki, a sa abin kashe wuta mai gari inda hannu zai kai, ba ƙarƙashin buhunan doya ba.

Masu trotro, bas ɗin haya, suna yawan tambayata Sprinter mai dizal fa. Dizal bashi da filogi, matsi ne ke kunna shi, gas kuma baya kamawa ta haka, sai an yi wa injin tiyata babba, bai cancanci kuɗin ba.

Bayan aiki, dawo da ita bayan sati ɗaya a sake shafa sabulu a ƙara ɗaure maɗauran tanki. Filtar gas duk kilomita 10,000 zuwa 15,000, a lokacin kuma a kunce ƙaramin ƙusa na ƙasan bafaraiza da ɗuminsa a zubar da baƙin maiƙon da ke taruwa, shine ke taurara robobi. Tafet a duba shi fiye da yadda ake yi a fetur. Lokacin hunturu ƙura tana toshe filtar iska da wuri, a motar miksa kuwa filta in ya toshe shan gas ƙaruwa yake, in ka sa sabo kuma saitin ya ɗan canza, dan haka kar a saita gas da tsohon filta. Da safe a tada ta a fetur a bari allurar zafi ta motsa kafin a juya, mai kafireta a riƙa ɗan yawo da fetur ko sau biyu a sati dan gaskit kar su bushe, mai injekta kuma kar tankin fetur ya sauka ƙasa da kwata, saboda a yawancinsu famfon yana nan yana juyawa ko kana kan gas, in babu fetur ƙonewa zaiyi. In tafiyar arewa ce, Techiman, Kintampo har Tamale, cika duka biyun tun daga Kumasi.